Shekarar da Wan Mijina Ya Zo Rage Tumbi

Kwanan baya autata ta zo gaishe ni daga Maraɗi, na sa aka dama mata fura, sai ta ture ƙwaryar gefe. Wai ta daina cin hatsi. Wai akwai wata sabuwar dabarar rage ƙiba da ta gani a waya: mutum ya koma cin abin da mutanen farko suka ci tun ba a san noma ba, ganye da 'ya'yan itace da nama, ba gero, ba nono, ba sukari. Tana faɗa tana kaɗa hannu sai ka ce ita ta ƙago. Na jawo ƙwaryata na sha abina. Na ce mata dabarar nan ta girme ta nesa ba kusa ba, kuma har cikin gidana ta taɓa sauka ta kwana.

Shekarar babban fari ce, wadda aka rufe iyakar Najeriya maza suka rasa inda za su tafi cin rani. Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Agiye da Gazawa, ni da mijina, da gwaggonsa da ta tsufa a hannunmu, da 'yata ta fari wadda ba ta fara tafiya ba. Damina ta leƙo ta koma. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, ɗan abin da muka yanka kuwa ko sanyi bai kai mu ba.

A wajenmu, in an gama girbi maigida yakan zuba hatsin gandu a rumbun ƙasa ya liƙe bakinsa da laka, ba a buɗewa sai damina ta faɗi, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma. Kafin nan mata ne ke ci da gida daga gamana, wato 'yar gonar da miji ke yankar wa mace. Saboda haka rumbu a liƙe shi ne mutuncin namiji, duk wanda ya wuce ya gani ya san mai gidan nan yana da abin da zai shiga damina da shi. A shekarar nan mun cinye gamana, mun cinye gandu, mun share ƙasan rumbu mun tankaɗe mun sha kunun tsakuwa. Sannan mijina ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rumbun da kyau, ya kifa masa jinka. Na tsaya ina kallonsa, na ce, “Malam, mi kake rufewa?”

Ya ce, “In an san babu, wa za ya ƙara gaishe ni?”

Ba mugun mutum ba ne, Allah ya ji ƙansa. Sai dai gara masa a ɗauke shi a makara da a ce wayyo wane.

Daga nan muka koma daji, mu da duk matan garin. Muka ci ganyen jiga da yaɗiya. Muka kakkaɓo aduwa da magarya, muka gwagwiyi goruba har dasashi ya yi jini. Muka tone gidajen tururuwa muna ƙwace 'yar tsabar da suka tara, suna cizonmu muna zaginsu. Babban abincinmu anza ce, 'ya'yan wani ɗan itace masu ɗacin da ba a kwatantawa. Sai an ɓare, an jiƙa, an yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ta ciwu, ga rijiya ta yi nisa ƙasa har igiya na neman ƙari. In ka yi gaggawa ka ci ba ta gama jiƙa ba, cikinka zai gaya maka.

Da wannan cimar nonona ya ƙafe. Abin da ya tsaya tsakanin 'yata da kushewa jar akuya ce guda, wadda uwata ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan. Ɗanta ya mutu tun da sanyi, amma ban bar nonon ya ɗauke ba. Nakan tsinto mata 'ya'yan gawo a bakin zane, in raba ruwan shana da ita, in tatse ta da safe. Abin da ke fitowa da ƙyar yake rufe gindin ƙoƙo. In ƙara ruwa, in ɗura wa yarinya da ludayi kaɗan-kaɗan har yamma. Kowa a gidan ya san da nonon nan take numfashi, ba wani ɓoyayyen abu ba ne.

Sai dai 'yar fari ce, ga kunya. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, ba na buɗe baki in yi magana a kanta. “Waccan” nake ce mata. In akwai idon baƙo, a cinyar Gwaggo take, ni kuwa in yi kamar ban san wadda ta haife ta ba. A bayan ɗaki nake rungume abata in shinshina wuyanta.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai ga mota ta shigo garin. Wan mijina ne, ubansu ɗaya uwa kowa da tasa. Babban ɗan kasuwa ne a Maraɗi, yana da mangaza ta hatsi, ya je Makka, kowa Alhaji yake ce masa. Gari ya fashe. Mata suka fito da ƙwarya ɓoye cikin mayafi, tsofaffi suka jawo sanda. Da aka buɗe masa ƙofa tumbinsa ne ya fara sauka, sannan shi. Direba ya buɗe bayan mota, duk wuya ya miƙe. Aka fito da katifa, da rediyo, da jarkokin ruwa, da buta, da akwatin tufafi. Aka rufe. Direba ya juya ya tafi abinsa, mata suka koma da ƙwaryarsu yadda suka zo da ita.

Ina bayan zana ina ji ya zauna yana haki yana yi wa ƙanensa bayani.

“Da gangan ban taho da komi ba. In na gani sai na ci. Wani likita na gani a Yamai, a ƙasar Nasara ya yi karatu, ya ce in ban rage wanga tumbi ba shi za ya kai ni ƙasa. Ya ce in bar hatsi, in bar mai da sukari da nono, in koma abincin mutanen hwarko, ganye da ɗiyan itace da nama. To a Maraɗi ba a bari na, ko'ina ka juya shinkahwa. Sai aka ce mini nan gida kun ƙware da irin wanga abinci bana. Na ce to mi ya kai ni nesa?”

Mun ƙware! Kamar sana'a muka koyo.

Da ya huta ya tashi zagaya gida. Ya tsaya gaban rumbu, ya dafa shi, ya ɗaga kai ya dubi liƙin.

“Kai, ƙane! Rumbu a liƙe a wagga shekara? Ai ka hi ni.”

Mijina ya ce, “Da sauran alheri, Yaya.”

Na ciji bakin zanena don kada wani abu ya fito. Da ya shigo ɗaki na tare shi, na ce ga mutum Allah ya kawo har gida, mai hatsi jibge, ka buɗe baki ka ce da sauran alheri? Ya ce ba a roƙon ɗan uba. Ya ce in muka riƙe shi da kyau, muka yi masa abin da yake so, ba yadda za a yi ya tafi bai aiko da buhu ba, haka manya ke yi, ba a gaya musu. Gwaggo ta ce gaskiya ne, in yi haƙuri, baƙo raɓa ne. Wannan raɓar kuwa ta kusa wata ba ta bushe ba.

Aikin ya faɗo kaina. Matar ƙane ba ta zance da wan miji, gaisuwa ce daga durƙushe sai a ajiye akushi a ja da baya. Na riƙa fita tun da sanyin safiya, kullum ina ƙara nisa, don itatuwan kusa duk an yi musu aski. Na ga mata biyu da aka yi musu ƙunshi rana ɗaya suna jan gashin juna a gindin jiga. Abin da na samo, a zaɓi mai taushi a kai wa baƙo. Shi kuma mutum ne da cikinsa ya saba da cika, ganyen da zai riƙe mu uku shi kaɗai yake tashi da shi, ya suɗe hannu ya tambaya ko da saura. Har anza ya yaba. Ya ce ɗacin nan shi ne maganin, a daina wanke ta da yawa. Na yi ta roƙon Allah ya sa ta murɗe masa hanji, amma cikin mai kuɗi ko anza kunyarsa take ji.

Da hantsi yakan sa a shimfiɗa masa tabarma a gindin itacen bedi a ƙofar gida, dattawan gari su kewaye shi. Nan yake buɗe makaranta. Hatsi ne ke kashe mutane, in ji shi. Kakannin kakanninmu ba su san tuwo ba, shi ya sa suke bin barewa da gudu su kama. Ya kama hannun wani tsoho ya ɗaga, ya ce ku dubi wanga, ba kitse ko kaɗan, irin jikin da likita ke so ke nan. Tsohon nan a makon ya binne jikansa. Amma ya yi murmushi ya ce haka ne Alhaji, sauran ma suka ce haka ne, don kowa da buhun da yake hange a ransa. Duk ranar Juma'a kuma sai ya ja zariyar wandonsa ya nuna musu inda ƙulli ya matsa, a yi ta barka.

Wata rana ya shigo cikin gida ya tarar da yarinya a cinyar Gwaggo. Lokacin cikinta ya kumbura yana ƙyalli, gashinta ya yi ja ya kwanta, ƙafafun kamar sillen kara. Ya tsaya, ya fashe da dariya, ya sa yatsa ya taɓa cikin.

“Gwaggo, wagga ai ni ta gado! Dubi tumbi. Ku rage mata tun da wuri, kada ta sha wahalar da nike sha.”

Gwaggo ta yi 'yar dariyar da ake yi wa manya. Sai idonsa ya faɗa kan ƙoƙon da ke gefenta.

“Mi ne wanga? Nono? Ai likita ya ce mutanen hwarko ba su tatsar dabba. Nonon akuya na ɗan akuya ne. Shi ya kumbura ta.”

Ina tsugune a murhu, bayana gare su. Na ji kamar in ɗebo garwashi da hannu.

An sha ce mini wataƙila bai gane ba, mutumin birni ne. Ƙarya ne. A garin nan aka yanke masa cibi, ya ga farin da aka yi kafin wannan, ya san abin da jan gashi ke nufi a kan yaro. Mutumin da ke sayar da hatsi ya san kuɗin da tiyar awo ɗaya ta kai a kasuwa, ya kuma san wanda zai iya saye. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ya sani sarai, sai dai rashin sanin ya fi masa arha. Ya daɗe da mutuwa yanzu, kuma ba tumbin ne ya kashe shi ba, tsufa ne. Allah ya gafarta masa in ya so. Ni dai ban yafe ba.

Sai maganar nama. A shekarar nan nama ya fi komai arha, don Fulani na yanka shanun da suka faɗi kafin rai ya fita, a kawo kasuwar Gazawa a kasa. Baƙi ne, mai yauƙi, ba ɗigon kitse. Alhaji yakan aiki ƙanensa ya sayo masa, in dafa, mu kuwa mu lashi abin da ya maƙale a tukunya. Rannan ya kwana yana zarya bayan gida, da safe ya ce ya bar naman kasuwa, wannan da mushe duk ɗaya. Da yamma yana alwala sai ya dubi inda akuyata take ɗaure tana tuƙa.

“Kai, akuyar ga ta ji gawo. Duk garin ban ga mai kyan jikinta ba.”

Kashegari ya sake faɗa. Ya ƙara da cewa irin wannan naman likita ke nufi, dabbar da ta ci itacen daji. Bai ce a ba shi ba. Babba ba ya roƙo, yabawa yake yi, mai hankali ya gane. Da ya yaba karo na gaba mijina ya same ni ina surfa anza, ya tsuguna kusa da turmi yana wasa da ƙasa.

Na riga shi. Na ce, “Malam, akuyar tawa ce, uwata ta ba ni.”

“Na sani. Ara mini za ki yi. Sai an zuba ruwa ƙasa ake taka damshi. Bana buhu guda akuya nawa za ya saya?”

“Buhu ba ya nono.”

“In hatsi ya zo, naki nonon ya dawo.”

“Kahin ya zo hwa? Mi za ta sha? Ka dube ta, Malam, ka dube ta da kyau!”

Muryata ta tashi ban sani ba. Gwaggo ta fito daga ɗaki tana dafa bango.

“Ke! A kan ɗiyar hwari kike ɗaga murya, baƙo na zaure? Ina kunyarki ta tahi? Mu da munka haihu kahin ki, ko kallon namu ba mu yi ba, kuma sunka rayu.”

Na koma kan turmina, don haka aka koya mini. Amma na daina barin akuyar a gida. In zan fita daji in ja ta da igiya, mata na yi mini dariya wai na samu 'yar rakiya. Na yi haka har ranar da aka ce an ga goruba da ba a taɓa ba can wani kwari mai nisa. Tafiyar ta fi ƙarfin akuya mai tatsa, ga shi ba komai a gida da za a kai wa baƙo. Na tatse ta, na ɗaure ta bayan ɗakina, na ce wa mijina amana. Ya ce in tafi, ba komai.

Bayan azahar muka dawo. Tun daga bakin gari na ji ƙamshin gashi, matan da ke tare da ni suka fara haɗiyar yawu suna tambayar gidan wa ke biki. Ni ƙafafuna ne suka gane kafin kaina. Na shiga na tarar da jar fata an baje ta a ƙasa an kafe da tsinke, ƙudaje sun rufe. Yarinya na cinyar Gwaggo an ba ta ƙashi tana tsotsa. Mijina bai yarda mun haɗa ido ba. Daga zaure muryar Alhaji ta taso, bakinsa cike.

“Amarya, sannu da ƙoƙari! Ni hwa ban ce a yanka ba. Amma tun da an yanka, Allah shi saka da alheri.”

Ni na gyara kayan cikin. Ni na yanyanka sauran na shanya a igiya don ya kai shi ƙarshen zamansa. A hantsar na sami ɗan guntun nono da bai gama fita ba, na matse shi a ludayi na kai bayan ɗaki na ba ta.

Daga ranar na shiga neman abin da cikinta zai karɓa. Na ba ta romo, ya fito yadda ya shiga. Na dama garin goruba, na tace anza har ta yi fari na yi mata ɗan kunu, duk gudawa. Na tafi rugar Fulanin da ke yamma da gari, wurin wata mata da muka saba tana kawo mana nono a shekarun arziki. Ta kama hannuna ta kai ni bayan bukka ta nuna mini fatun shanu a jibge. Ta ce, “Nagge sun ƙare, ƙawa. Ga su nan.” Na dawo da ƙoƙona a kife. A ƙofar gida na wuce Alhaji yana gaya wa dattawa yanzu yana iya ganin yatsun ƙafarsa in ya sunkuya.

Duk da haka na sa rai, ba zan ɓoye ba. Na ce an riga an zuba ruwan, bari mu ga damshin. Na riƙa cewa a raina motar da za ta zo ɗaukarsa ba za ta zo wayam ba, ai ya aika saƙo Maraɗi ranar kasuwa, wa ya san abin da ya ce a taho da shi.

Motar ta zo da hantsi. Na leƙa ta ramin zana, direba ya buɗe baya, ba komai sai tayar canji. Ya shigo yana kwasar kaya. Alhaji ya tsaya tsakar gida ya zura hannu biyu cikin ƙugun wandonsa yana nuna filin da ya samu, yana cewa likita zai sha mamaki. Mijina na gefe yana murmushi, leɓɓansa sun bushe sun tsage, yana ta Allah kiyaye hanya. Na jira ya faɗa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, na ce yanzu ne. Sai ya ce a gaida mutanen gida.

Ban san lokacin da na ɗauki taɓarya ba. Na nufi rumbu na ɗaga na doka masa a ciki. Ya yi ƙara irin ta tulun da ba ruwa. Na sake dokawa, na sake, har laka ta burma ta bar rami da kan mutum zai shiga. In da akwai hatsi da ya zubo har ƙafafuna. Ƙura ce ta fito, sai wata tsaka da ta ruga ta haye bango. Na yar da taɓarya, na fizgo 'yata daga cinyar Gwaggo, na tsaya gaban wan mijina a miƙe, kaina ba mayafi. Na kira sunanta da ƙarfi, karo na farko a gaban mutane, na ce ga ta, yunwa ce ke cinta, ba ƙiba ba ce. Na ce, “Alhaji, duba rumbun. Don Allah duba.”

Direba ya tsaya da katifa a ka. Alhaji ya dubi ramin, ya duba sosai, na ga idonsa ya shiga har ciki. Sannan ya juya a hankali ya ba rumbun baya, ya dafa kafaɗar ƙanensa, ya sassauta murya.

“Ƙane, ni ban ga komi ba, ban ji komi ba. Asirinka a ruhe yake. Ko a Maraɗi ba mai jin wagga magana daga bakina. Mace ce, zahi ya taɓa ta, kada ka yi mata hwaɗa.”

Mijina ya sunkuyar da kai ya ce, “Na gode, Yaya.”

Gode masa ya yi. Ina tsaye da yarinya a hannu, ya gode masa.

Alhaji ya sa aka buɗe akwati, ya fito da manyan riguna uku da wandunansu, biyu masu launi ɗaya fara. Ya ɗora wa ƙanensa a hannu, ya ce sun yi masa yawa yanzu, albarkacin gidan nan, kuma in Allah ya kai mu baɗi tumbin ya dawo ya san inda zai zo. A ƙofar gida ya sake miƙa su a gaban dattawa don kowa ya shaida, aka yi ta sa albarka. Mota ta tashi.

Mijina bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Ya ɗauki tulun ruwan da na jawo da safe, ya juye a ƙasa, ya kwaɓa laka ya toshe ramin kafin maƙwabta su shigo. Ya shafe wurin da tafin hannu har ba a gane inda aka fasa.

Ranar kasuwar Agiye ya kai riguna biyun masu launi. Wa ke sayen riga a shekarar da ake sayar da ƙofar ɗaki? Ya dawo da 'yar dusa da garin rogo a ƙullin da bai cika hannu biyu ba. Na ce ya kai farar ma. Ya ce a'a, mutane sun ga an ba shi, in bai sa ta ranar Juma'a ba za a ce yunwa ta sa ya sayar da kyautar wansa. Ya kuwa sa ta. Mutum kamar sanda cikin rigar da aka ɗinka wa mai tumbi, yana tafe yana tattara ta kada ya taka.

Garin rogon ya zo a makare. Na dama, na ɗura, ba ya zama. Ta daina kuka, sai ɗan sauti kamar na mage. Ƙafafunta suka kumbura, in na danna yatsa ramin ya tsaya. Tana bin ludayi da ido, in ya zo bakinta ta kau da kai, don ba abin da ta sani ba ne a ciki. Na daina fita daji, na daina ɓuya bayan ɗaki, na zauna da ita tsakar gida a cinyata, wanda zai ce ba ni da kunya ya ce. Ko Gwaggo ba ta ƙara yi mini faɗan kunya ba. Wata safiya, hadari ya fara haɗuwa a gabas karo na farko a shekarar, na ji ta yi nauyi a hannuna.

Aka ce ba a kukan ɗan fari a gaban mutane. Na yi, har muryata ta dushe.

Da aka zo haɗa ta sai aka rasa likkafani. An yi ta binne mutane tun sanyi, ba sauran farin ƙyalle a garin, ko a gidan liman. Maza na jira a waje, rana na yi. Gwaggo ta shiga ɗakin mijina ta fito da farar rigar, ta shimfiɗa a tabarma, ta sa reza ta yanki abin da ake bukata daga hannu ɗaya. Ba wani abu mai yawa ba ne, yarinyar ba ta da girma. Bayan an dawo daga maƙabarta ta zauna ta kalmashe bakin ta ɗinke.

Ranar Juma'a mijina ya sa rigarsa, ya naɗe hannun a kafaɗa ya tafi masallaci. Ba wanda ya lura ta ragu.